Ranar da Jirgin Damagaram Ya Riga Inuwata

Ku 'yan zamani, in aka ce muku wane ya yi shekara goma sha tara yana tsaron filin jirgi a Filinge, sai ku kalli juna ku yi murmushi. Na san abin da ke ranku. Fili ne dai, ba ƙofa, ba kaya, ɓarawo ba ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa. Jikan ƙanena ya je Yamai ya ga wani yana ɗaga tuta a gaban jirgi, ya dawo yana ce mini, "Ashe, Kaka, aikin da kay yi ke nan? Ai ko ni ina iyawa." Ban ba shi amsa ba a ranar, don bakina cike yake da goro. Yau zan ba shi, ku ma ku ji.

Sunana Arzika, ubana manomi ne, kuma aikin tilas ne ya kai ni filin nan. Shekarar da na yi aure gardi, dogaran Nasara, suka bi gida-gida suna ɗibar mutum ɗaya ɗaya, aka hau da mu tudun da ke gabas da gari, inda fako yake shimfiɗe. Aka ce mu sare, mu tumɓuke, mu share. Babu wanda ya gaya mana don me. Wasu suka ce kasuwa za a tayar, wasu suka ce wurin sukuwar dokin kumandan ne, Nasaran da ke mulkin gari. Wata biyu muna abu ɗaya. Da aka gama aka sallami kowa, ni aka ce in tsaya, don wanda aka ɗora bisa aikin ya lura ni kaɗai ne in na cire kututture nake cike ramin ba sai an sa ni ba.

Wannan mutum shi ne Baba Na-Allah, tsohon ja-gaban ayari. Ya taka Gawo da ƙafarsa, ya taka Damagaram, ya san kowace rijiya da ɗanɗanon ruwanta. Nasara sun ɗauke shi ne don ko a cikin ɗaki ka ce masa ina garin Tawa, zai nuna maka da haɓa, kuma ba ya kuskure. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabo. In ka yi daidai sai ya yi shiru, shirun nan shi ne ladanka.

Shi ne ya fara gaya wa kumandan cewa an sa filin a mugun wuri. Gefen tudun nan tsaye yake kamar bango. Hanya ɗaya ce tak dabba take iya gangarowa ta kai rijiyoyin da ke cikin kwari, filin kuwa ya kwanta daidai a bakinta. In an ce a zagaya, kusan wuni guda ne. Kumandan ya ce ba kullum jirgi yake zuwa ba, ranar da zai zo a tsare shanu tun asuba har ya sauka ya tashi. Faɗarsa da sauƙi. Wanda ya taɓa ganin garke tsaye a ranar bazara yana jin ƙamshin ruwa, an hana shi, ya san abin da ake nufi da azaba. Baba bai ƙara musu ba, amma da muka dawo ya ce mini, "In mun san lokacin da abin ga ka isowa, muna barin shanu su wuce da sahe, kowa bai sani ba." To, asalin sana'ata ke nan. Sharar fili da kuke gani bayan fage ce. Aikin shi ne sanin yaushe jirgi zai iso, a garin da agogo biyu ne kacal, duka kuwa suna bariki.

Amma bari in fara da sharar, kada ku ce ita ma wasa ce. Kayan aikina gatari ne, da sungumi, da kwando, da madaɓi irin wanda mata suke daɓen ɗaki da shi, sai dai nawa ya fi nasu nauyi. Kowace safiya nakan taka filin daga wannan kai zuwa wancan, ba takalmi, don tafin ƙafa yana ganin abin da ido bai gani ba. Abokan gabata uku ne. Gara takan tayar da suri cikin kwana biyu, mai taurin da zai karya ƙafar jirgi, kuma in ba ka tono uwar ba, ka yi aikin banza. Kurege yana haƙa rami a karkace, sama lafiya lau, ƙasa rami. Sai tsidau, wanda ƙayarsa take huda taya. Wata rana na bar ramin kurege ɗaya don na gaji, na rufe bakinsa da ƙasa kawai. Baba ya zo ya taka wurin, ya tsaya. Ya kama hannuna ya cusa cikin ramin har kafaɗa, ya bar ni durƙushe a nan ya tafi sallar la'asar.

A tsakiyar fili akwai da'ira babba ta duwatsu da muka binne daidai da ƙasa, muna shafa musu farar ƙasa, don matuƙi ya hango mu daga nesa. Sai hayaƙi. Jirgi iska yake fuskanta in zai sauka, hayaƙinmu ne yake gaya masa inda take kaɗawa. Busasshen kashin shanu a ƙasa, ɗanyen ganyen sabara a sama, shi ke ba da fari mai kauri. In ka kunna da wuri ya cinye kafin a zo, in ka makara matuƙi ya sauka da zagi a bakinsa. Man jirgin kuma, isansi suke ce masa, a gwangwanaye raƙuma suke kawo shi daga Yamai, muna tace shi da fata mai laushi kafin a zuba. Ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga, sun ce injin yana iya mutuwa a sama.

Jirgin farko da ya sauka mana, rabin gari a cikin ramuka ya gan shi. Ni ma ban tsaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Baba kaɗai ya tsaya da sandarsa. Wani Nasara mai jan gemu ya diro, ya tuɓe hular fata, ya nemi ruwa. Baba ya bari ya sha, sannan ya matsa kusa da tafinta.

"Tambaye shi, ina yak kwana?"

"Ya ce Gawo."

"A'a, daren jiya nika nuhi."

"Shi na, Baba. Da sahen ga yak karya kumallo Gawo."

Baba ya dubi rana. Ko hantsi bai gama dubawa ba. Ya ce, "Kwana goma sha shidda na da raƙumi mai lahiya. Ni na taka ta. Tambaye shi, ta wace rijiya yab biyo?"

Da aka fassara masa, mai jan gemu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ciro taswira ya shimfiɗa a kan fiffiken jirgi, ya zare zare daga bakin rigarsa, ya danne kai ɗaya a Gawo, ya ja ɗaya kan har Damagaram. Ya nuna mu, ɗan ɗigo kusa da zaren. Ya ce daga can zuwa can wuni ɗaya ne bai cika ba, in ya sha mai a wurinmu. Baba ya daɗe yana kallon zaren. Ya ce, "Hanya ba ta miƙewa haka. Hanya ruwa taka bi." Jirgin ya sha mai ya tashi. Muna gangarowa gida ya tsaya ya ce mini, "Arzika, ashe nisan da muka sani, rabinai ƙishirwa ta."

Daga ranar nan cuta ta kama mu, ni da shi, cutar son sani. Duk matuƙin da ya sauka sai mun tsare shi da tambaya. Akwai masu haƙuri, akwai wanda in ka matso kusa da jirginsa zai ɗaga maka ƙarfe. Akwai wani siriri da yake sauka da ɗan kare a cikin rigarsa, shi ne ya gaya mana cewa a sama sanyi ake yi ko da bazara, muka ce to, ba mu yarda ba. Wani kuma ya ce daga sama kwarinmu kamar koren zare yake a kan jar tabarma. Wannan na yarda da shi, don na ga zaren a taswira.

Labarin tasowar jirgi ta waya yake zuwa. Mai buga wayar wani Bazabarme ne, Malam Isufu. Wata rana na je wurinsa da kaina bayan sallar asuba, gabas ta yi ja amma rana ba ta fito ba. Na'urarsa ta yi ƙwas-ƙwas, ya rubuta, ya ce, "Jirgi ya tashi Damagaram. Sun ce da hitowar rana yat tashi." Na leƙa waje. Na ce, "Malam, wace rana?" Ya ce tasu ta riga tamu, kullum haka take. Na kai wa Baba wannan magana da gudu. Ya ce ƙarya ce, rana ɗaya Allah ya yi. Kwana uku yana juya abin. A na huɗu ya ce, "Gaskiya tai. Mai zuwa daga gabas, mutanen gabas shika hwara gaidawa. Ƙahwa ce ba ta da saurin da za ta kama wanga abu." Ya ji haushi ƙwarai, ya ce shekara talatin yana zuwa Damagaram, babu wanda ya gaya masa.

Agogonmu inuwa ce. Daga malamai muka ɗauko, yadda suke auna lokacin azahar da la'asar. Ka tsaya a kan dutsen tsakiyar da'ira, ka ba rana baya, ka lura da inda inuwar kanka ta ƙare, sannan ka taka ta diddige bisa yatsa kana ƙirgawa. Duk jirgin da ya iso sai na auna, na yi tsaga a sanda. Sanda biyu ce, ta Gawo da ta Damagaram. Matuƙa duka da fitowar rana suke tashi, don sun ce in ƙasa ta yi zafi sama takan yi gargada. Bayan shekara uku sandunan suka fara magana. Da bazara, na Gawo yana isowa inuwa tana ƙafa bakwai, na Damagaram tana biyar. Lokacin sanyi lissafin daban yake, don rana takan karkata kudu inuwa ta yi tsawo.

Sai kuma iska, wadda ita ce ta fi ba mu wuya kafin mu gane ta. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, yau ya zo a biyar, wani zuwan a bakwai. Baba ne ya warware ta, ya ce kwalekwale ya tuna a kogin Gawo, gangara da hawa ba ɗaya ba ne. In iska tana bayan jirgi, ƙara ƙafa biyu, zai zo da wuri. In tana gabansa, rage biyu, zai makara. Muka gwada, ta yi. Daga nan na zama gwani. Nakan watsa ƙasa sama in ga inda ta nufa, in ce wa makiyaya ku wuce, in ce ku tsaya, in kunna hayaƙi, ganye bai gama kamawa ba sai a ji rugugi. Mutane suka fara cewa ina da aljani. Ban musa ba, don daɗin abin nake ji. Kumandan kuwa bai taɓa sanin shanu suna wucewa ba, don kafin ya hau tudu na share sawu da kashi tsaf.

Ana nan yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya koma gida ya zauna, filin ya zama nawa. Shekara ta biyu da zamansa fara ta sauka. Kun ji labarinta wurin kakanninku mata, ba sai na ja ba. Ta cinye gero yana tsaye, ta cinye ciyawa, ta bar itatuwa tsirara. Da bazara ta zo mutane suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, mata suna tona gidan tururuwa suna neman tsaba. Ni abincin bariki ya tsare ni, mudu ɗaya na gero, mu bakwai a kansa. Shanu kuwa sun koma ƙashi da fata. In saniya ta kwanta, sai mutum biyu sun kama wutsiya da ƙaho sun ɗaga ta.

A cikin makiyayan da suke bi ta filina akwai Sambo, Bafillace dogo mai sanyin magana. Tun zamanin ubana yake sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Garkensa ya fi sittin a da. A bazarar nan saura goma sha tara, a gabansu wata jar saniya mai dogon ƙaho, uwar garke, wadda ya ce daga saniyar da uwarsa ta ba shi ta fito. Inda ta sa ƙafa nan sauran suke sawa.

Ranar da nake son ba ku labari, Malam Isufu ya aiko cewa jirgi ya taso daga Damagaram, zai sha mai ya wuce Gawo. Na hau tudu na tarar da garke ya fi goma suna jira a gefen fili, don ƙananan rijiyoyin daji duk sun ƙafe, kowa nan ya dawo. Jiya ba su sha ba, don kwana ɗaya ake tsallakewa. Sambo ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Arzika, in an kai azahar, rabinsu ba su tashi."

"Na sani."

"To mi kag gani?"

Na ɗebi ƙasa na watsa. Ta tafi gabas. Iskar yamma ce, mai ɗan laima, irin wadda take fara kaɗawa in damina ta kusa, kuma da ƙarfinta, har tana kaɗa mini riga. Na sake watsawa don in tabbata. Jirgi daga gabas yake zuwa, iska tana gabansa, biyar a rage biyu, sai inuwa ta kai ƙafa uku zai iso. Na auna tawa, goma sha huɗu. Lokaci har da ragi.

Na ce, "Ku wuce. Garke-garke, kada ku yi gaugawa. Sai inuwa ta kai shidda in rufe."

"Ka tabbata?"

"Sambo, yaushe nat taɓa kuskure?"

Haka na ce masa, da bakin nan nawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Suka fara ƙetarawa. Dabbar da yunwa ta ci ba ta sauri, taki uku ta tsaya ta huta. Garke huɗu suka wuce, na biyar na Sambo ne, shi ya bar na wasu suka riga shi don nasu sun fi galabaita. Yana tsakiyar fili, wasu garke biyu suna biye da shi, na je kan dutse na taka inuwata. Takwas. Ina ɗaga kai na ji shi. Da farko na ce cikina ne yake ƙugi. Sai na ga shanu sun ɗaga kunne gaba ɗaya.

Ban kunna hayaƙi ba, ban ma haɗa ganyen ba. Jirgin ya fito daga cikin rana, ya sauko ƙasa-ƙasa don ya duba fili, ya bi ta kan garken da rugugi. Shanun daji ne, ba su taɓa jin abu irin wannan a kansu ba. Waɗanda ɗazu ba sa iya taki uku suka zabura, suka haɗe, suna hawan juna. Matuƙi ya zagayo ya sake bi ta kansu, ina jin yana son ya kore su ne, bai san yana ƙara ruɗa su ba. Sambo ya yar da sanda ya ruga gefen fili yana kira da Fillanci, wani dogon kira da ban taɓa ji ba. Nasa suka bi muryarsa, na sauran suka bi nasa. Ƙura ta lafa, fili ya buɗe. Saura abu ɗaya a tsakiya, kan farar da'ira. Jar saniyar ce. Ta faɗi, an bi ta kanta.

Muka isa gare ta tare. Na kama wutsiya, ya kama ƙaho, muka ɗaga. Ta yunƙura ta koma. Ƙafar baya tana lilo daga ƙugu. Jirgi yana ta zagaye a kanmu, daga ƙasan tudu kuma na hango ƙurar dawaki, kumandan da gardinsa sun ji rugugi sun taso. Wani Buzu da yake jiran layi ya kawo raƙuminsa da igiyar guga, ya ce a ɗaura a ƙaho a ja. Sambo ya dubi tsakuwar fili, ya dubi fatar saniyar da ta manne da haƙarƙari.

Ya ce, "Ba a jan ta da rai."

Ya juya kanta gabas, ya shafa wuyanta, ya faɗa mata wata magana a kunne. Ya ce in danne. Na danne. Ya yi bisimilla ya yanka. Raƙumi ya ja ta zuwa gefe, ta bar jan layi a kan farar ƙasar da na shafa da hannuna. Jirgin ya sauka lafiya, tayarsa ta bi ta kan jinin.

Kumandan bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zagaya ya ga sawu, ya ga kashi, ya tambayi tun yaushe ake haka. Na ce tun da aka yi filin. Gardi suka yi mini abin da suka saba yi, ba shi ne labarin ba. Da na tashi, jini a bakina, na ga matuƙin tsaye yana shan taba, mai jan gemun nan ne, gemun ya fara fari. Ku ga halin ɗan Adam: bayana yana zafi, aikina yana lilo, amma abin da ke cina daban ne. Na ce wa tafinta, don Allah ya tambaye shi yadda aka yi ya zo da wuri, alhali iska tana gabansa. Tafinta ya ce ba ni da hankali, amma ya tambaya. Matuƙin ya dube ni da mamaki. Ya nuna rigata da iska take kaɗawa, ya yi nuni gabas. Sannan ya ɗaga hannu sama can, ya yi nuni yamma. Ya ce tun daga Damagaram iska take tura shi, bai taɓa yin tafiyar nan da sauri haka ba.

Hukuncin kumandan shi ne a kewaye filin da shingen ƙaya, a toshe bakin gangara, dabba kada ta ƙara bi ta nan ko da jirgi ko babu. Ba a kore ni ba, don babu wanda ya san aikin. Ni aka ba mutum ashirin aka ce in sare ƙayar, a fara da safe.

Bayan la'asar na ja jiki na je gidan Baba. Yana zaune a zaure, an riga an gaya masa. Na zaci zai zage ni, na ma fi son haka. Sai ya ce in maimaita masa abin da Nasaran ya yi da hannu. Na maimaita. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Arzika, kai ɗan manomi na. In damina ta kama, iska daga ina taka busowa?"

"Yamma, Baba."

"Hadari hwa, daga ina shika tasowa?"

Sai a lokacin na gane. Daga gabas. Kowane yaro a ƙasarmu ta Kurfai ya san hadari daga gabas yake zuwa. Tun ina goye nake ganin iska tana tafiya gabas, girgije yana tahowa yamma a kanta, ban taɓa tambayar wa yake tura shi ba. Iska biyu ce, ta ƙasa da ta sama, kowace da hanyarta. Ni ta ƙasa na yi shekaru ina watsa wa ƙasa, jirgi kuwa a ta sama yake tafiya. Duk lokutan da na ci daidai, sa'a ce ta sa suka yi hanya ɗaya.

Baba ya ce, "Ni nak koya maka rabi, ina tsammanin duka na. Laihin namu na mu biyu." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya raba laifi da kowa ba, sai na ji hawaye suna zubo mini.

Daga baya na koyi duba girgije, da ungulu in ta yi sama sosai, in ga inda iska take karkata ta. Shekara goma sha ɗaya na ƙara a filin, ban sake kuskuren ƙafa ɗaya ba. Sai dai gwanintar ba ta da wanda za ta amfana, don shinge ya riga ya tsaya, ba sauran saniyar da take jiran maganata.

Amma a yammacin nan, muna zaune a zauren, aka yi sallama. Sambo ne, da abu a naɗe cikin ganye. Ya gaida Baba, ya tsuguna, ya ajiye shi a gabana. Cinya ce, ba kitse ko kaɗan, nama ja wur manne da ƙashi. Na ce ba zan karɓa ba. Na ce ni na kashe ta.

Ya ce, "Wanda yad danne, shina da rabo. Haka aka yi tun kakanni."

Na tambaye shi yadda zai yi da shingen. Ya ce shanunsa ba za su iya zagaye ba, gobe zai kora su arewa wajen Abala, an ce akwai rijiyar da ba ta ƙafe ba. Kwana uku ne. Ni da shi da Baba duk mun san garken da ba shi da uwa, mai wannan rama, ba ya yin kwana uku. Sambo ya miƙe, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Shekara takwas kana buɗe muna, Arzika. Ban zaka don in tuna maka ta yau ba."

Ya tafi. Ban ƙara ganinsa ba, kuma duk Bafillacen da na tambaya daga arewa bai san inda ya ƙare ba.

Naman na kai gida. Matata ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Yaranmu wata biyu ba su ga maiƙo ba. Ta dafa, ta raba, ta ajiye mini nawa a akushi. Na daɗe ina kallonsa, na ce a raina ba zai wuce mini maƙogwaro ba. Ya wuce. Har ƙashin na fasa na tsotse, da safe na ɗauki gatari na hau tudu saran ƙaya.